Ƙofar Ɗakin Baba

Shafi na 23

Jama'a, na ga saƙonninku har wayata ta ɗauki zafi. Masu cewa a kai ƙarar Kawu Magini, da baiwar Allahn da ta ce da ita ce Malama da sai ta watsa masa ruwan siminti, duk na karanta. Ni dai roƙona ɗaya, ku sassauta wa tsohon nan har mu kai ƙarshen shafin yau.

Wanda ya shigo mana yanzu, ga inda aka tsaya. Malama, malamar firamare, shekara biyar ke nan tana fama da ginin wani ɗan gida saboda mahaifinta. Baba tsohon magini ne, ɓarin jikinsa ya shanye, gidan da suke zaune kuma hawa na uku ne a bene. Yana asibiti, jibi Alhamis za a sallame shi, Likita kuwa ya ja kunne cewa kada a sake hawa matakala da shi. Jiya Mai Walda ya kawo ƙofofi da tagogi goma sha biyu, ko ɗaya bai shiga gurbinsa ba, duk sun yi girma. Nan Malama ta juya kan Kawu Magini, abokin Baba tun suna samari, ta ce masa a gaban leburori idan ido ya daina gani sai a ajiye cokalin gini. Yayanta, wanda ke wani gari mai nisa yana gini ta waya, ya ƙarasa aikin, ya kori tsohon.

To mu je.

*

Safiyar Talata Malama ba ta je makaranta ba. Ta nemi izini, ta wuce shagon Mai Walda kai tsaye, fuska a murtuke, da niyyar ta sa shi ya rage ƙofar ɗakin Baba ko da ita kaɗai ce.

Ta same shi a tsugune yana haɗa wata ƙyaure, baƙin gilashinsa da ya ɗaure da roba a goshi. Yana ganinta ya kashe injin, ya goge mata benci da gefen rigarsa. Suka gaisa sama-sama. Ta faɗi abin da ya kawo ta, shi kuma ya ce rage duka sha biyun zai ci kwana goma, amma ta ɗakin Baba in wuta ta tsaya zai iya gamawa gobe da yamma.

Ta miƙe za ta tafi, sai ya ce ta ɗan dakata.

Ya shiga ciki ya zaro wata takarda daga jikin ƙusar da yake soke takardun awo, ya miƙa mata.

"Malama, rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne. Me ya faru?"

"Jiya bayan kowa ya watse na koma gidan. Na auna kowane gurbi da tef ɗina."

"Sai me?"

"Ginin tsohon nan a miƙe yake kamar an ja da zare. Ba inda ya karkace."

Ta ce to in haka ne me ya hana ƙofofin shiga? Ya juya bayan takardar, ya nuna mata nasa awon da ya rubuta da fensir kusa da nata. Inda ta rubuta arba'in da huɗu, shi ya samu arba'in. Inda ta rubuta hamsin da biyu, ya samu arba'in da takwas. Haka har ƙasa, tsawo da faɗi, gurbi sha biyu.

"Magini idan ya yi kuskure," in ji shi, "nan ya yi inci biyu, can ya yi rabi. Kuskure ba ya zuwa a jere haka kamar 'yan makaranta. Ko'ina inci huɗu cif. Wa ya yi awon nan?"

Muryarta ta yi ƙasa.

"Ni ce."

"Da wane tef?"



Ranar ta dawo mata tar. Sau uku ta kira Mai Walda ya zo ya auna, kullum sai gobe, ƙarshe ya ce aiki ya yi masa yawa, ta auno ta kawo masa. Kawu kuma ranar ya tafi asibiti duba Baba. Ta ga tef ɗinsa rataye a ƙusa kusa da jarkar ruwa, tsohon tef mai gidan ƙarfe wanda lambobin farkonsa duk sun goge. Ta ɗauka ta auna gurbi sha biyu ita kaɗai, har tana jin daɗi ta rage wa tsoho wahala.

Sai wata magana ta faɗo mata, wadda ta kai shekara ashirin ba ta tuna da ita ba. Tana ƙarama, idan ta kai wa Baba ruwa wurin aiki, takan ji shi daga saman bango yana kiran awo, Kawu yana amsawa daga ƙasa.

"Sittin da takwas."

"Cire huɗu."

Su yi dariya. Ita duk zatonta wasa ne irin na abokai.

Ta koma kan bencin ta zauna. Ta tambaye shi ko Kawu ya ga takardar jiya. Ya ce ya gani mana, ai shi ya fara karɓa. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ninke, ya mayar masa, sannan ya ce laifinsa ne, a yi haƙuri.

"Ni ma ban fita ba, Malama," in ji Mai Walda. "Da na tako na auna da kaina kamar yadda ake yi, da ba a kai nan ba. Minti ashirin na yi wa rowa."

Ba ta ko ji shi sosai ba. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage. Magana zarar bunu ce, ita kuma tata ta zare ta a gaban mutum tara, a fuskar wanda ya ɗauke ta a kafaɗa tun ba ta iya tafiya ba.

Ta kira wayar Kawu, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Tana sake gwadawa kiran Yaya ya shigo.

Ko sallamarta bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce ta daina wahalar da kanta, ya tura Injiniya da mutanensa tun da sassafe, za su faɗaɗa gurabun su kafa ƙofofin kafin magariba. Dama ya sha faɗa mata gini ba aikin mace ba ne. Ta ce Yaya tsaya ka ji, ya ce yana cikin taro, ya katse.

Mai Walda ya riga ya ji komai. Ya cire gilashin ya jefa a kan tebur.

"Faɗaɗawa? Ƙofar ɗakin Babanki ai tsakanin ginshiƙi da kusurwa take. Ina za su samo inci huɗu?"

*

Tun daga kwanar layin take jin ƙarar janareta da kukan injin yanka. Ta sauka daga abin hawa ta ratsa tulin yashi da gudu, mayafinta na jan ƙasa, Mai Walda na biye da ita a babur.

A falo ta same su.

An jingina sabuwar ƙofar ƙarfe a bakin ɗakin Baba, ta rufe gurbin ruf saboda girmanta, an zagaye ta da alli a jikin bango don a san inda za a fasa. Layin allin ya hau kan ginshiƙin da ke gefen dama. A jikin ginshiƙin kuwa Kawu Magini ne tsaye, ya manna bayansa, ya harɗe hannu. Ba kayan aiki ne a jikinsa ba, farar riga ce wankakka. Buhun kayan aikinsa na ƙasa kusa da ƙafarsa. Ashe kwashe kayansa ya zo yi, ya tarar da abin da ya tarar.

Gabansa Injiniya ne riƙe da waya a buɗe, Yaya yana magana ta ciki. Wannan Injiniya dai ba wanda ya taɓa ganin takardarsa, amma yana da hular kwano ruwan ɗorawa, kuma a duk inda ya je aiki shi kaɗai ke sa ta, don haka sunan ya zauna.

Yana ganin Malama ya saki ajiyar zuciya. Ya ce don Allah ta yi wa dattijon nan magana, awa guda ke nan yana roƙonsa ya matsa, shi umarni aka ba shi ya gama yau, kuma ba ya so ya sa hannu ya ture sa'an mahaifinsa.

Ta cikin wayar Yaya ya ce, "Ke, ki gaya masa mun sallame shi. Ya ɓata mana aiki, kuma ya zo ya hana a gyara?"

Malama ba ta kalli wayar ba. Ta tako har gaban Kawu ta durƙusa a kan ɓaraguzan bulo.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Tashi, za ki ɓata zanenki."

"Kawu, ara mini tef ɗinka."

Ya kalle ta, ya kalli Mai Walda da ke bakin ƙofa, nan take ya gane. Ya ɗan tura buhun bayan ƙafarsa.

"Na manta shi a gida."

"Shekara nawa na san ka, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba sai jiya. Kada ka ƙara ta biyu saboda ni."

Ta miƙa hannu cikin buhun da kanta, bai hana ta ba. Ta ja tef ɗin ta shimfiɗa a ƙasa, Mai Walda ya shimfiɗa nasa a gefe, baki da baki. Leburori suka matso. Ƙugiyar bakin tef ɗin Kawu da ƙananan ƙusoshi biyu aka maƙala ta, an daddake su sun kwanta luf, in ba ka sa ido ba ba za ka ce an taɓa gyara ba. Inda tef ɗin Mai Walda ya nuna goma, na Kawu ya nuna sha huɗu.

Wani lebura ya yi salati a hankali.

Malama ta karɓi wayar daga hannun Injiniya. 

"Yaya, ni na yi awon. Da tef ɗin Baba na da, wanda bakinsa ya karye. Ginin Kawu daidai yake. Ni na ɓata ƙofofin, ni na zage shi a banza."



Ta juya ga tsohon. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska, ba ta damu da masu kallo ba. Ta tambaye shi me ya sa ya yi shiru jiya, me ya sa ya tsaya tana gaya masa magana irin wadda ko sa'anta ba za ta gaya wa ba.

Kawu ya sunkuya da ƙyar ya naɗe tef ɗin. Ya ce na Babanta ne, bulo ya faɗo masa ya gutsure bakin tun ba a haife ta ba, suka mayar da ƙugiyar suka ci gaba da aiki. Su biyu kaɗai ke taɓa shi, su biyu kaɗai suka san a cire huɗu. Da Baba ya kwanta ya ba shi. Ya sayi sabo har sau biyu, amma hannunsa ya ƙi sabawa. Laifinsa ne da ya rataye shi inda wani zai ɗauka.

"Ba wannan na tambaye ka ba, Kawu."

Ya kalli wayar da ke hannunta.

"Ina nan ranar da yayanki ya ce kuskure ɗaya ya rage miki. In kika sake, zai karɓi takardun fili ya sayar, ya ɗauke Babanku ya kai shi can wurinsa."

"To sai me?"

"Babanki ya riƙe hannuna a asibiti da hannunsa mai lafiya. Kin san yadda magana ke masa wuya. Kalma biyar ya yi minti biyar yana haɗawa. Kada a kai ni nesa." Ya share gefen idonsa da yatsa. "Ni tsoho ne, 'yata. In an ce idona ya mutu, gobe ma dama za a faɗa. Ke kuwa in aka ce ke ce, gidan ya tafi."

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na ɗan numfasa. Ina masu ruwan siminti?

Yaya ya yi gyaran murya. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Mutum ne da nisa ya sa kullum yake jin ana cutarsa, ga shi ɗan kwangilar farko da ya kawo da kansa ya taɓa yi musu aika-aika ya gudu, tun daga nan bai ƙara yarda da kowa ba. Ya ce ya ji, kuma za su yi magana shi da ita daga baya. Ya ba Kawu haƙuri a gajarce. Amma aikin gama ya gama, ƙofofi sun riga sun zo, jibi za a sallami Baba. A fasa inci huɗun kawai a wuce wurin.

Injiniya ya gyaɗa kai. Ya ce ai ginshiƙin nan ma ado ne, ya duba zanen gidan, babu shi a ciki.

"Babu shi a zane," in ji Kawu. "Ni na ƙara shi."

Malama ta ɗago. Ta tuna lokacin da ya zuba shi, ya ce mata don ƙofar Baba ta yi kyau ne, ya samu abin dafawa idan ya fara takawa.

"Ba ado ba ne, Kawu?"

"Ki yafe mini, wannan ce ƙaryata ta farko. Ta jiya ce ta biyu."

Sannan ya faɗi abin da ya ɓoye shekara guda. Ɗan kwangilar farko da ya zuba rufin kankare ya rage rodi. Inda ya kamata a jera su tazarar tafin hannu, ya jera su kusan kamu guda, ya rufe da kankare kafin kowa ya gani. Da Kawu ya karɓi aikin ya lura rufin ɗakin Baba ya ɗan sauko ta wajen ƙofa, ya sassaƙa wani gefe ya leƙa, ya ga abin da ke ciki. Lokacin Malama ta rame ta fige, Baba ya fara kwanciya asibiti, in ya ce a rushe a sake ya san ginin ya mutu ke nan. Sai ya tono ƙasa ya kafa ginshiƙin nan da rodi huɗu masu kauri, ya ɗora masa gadar kankare ta ratsa ƙarƙashin rufin.

"Rufin ɗakin nan ba a kan bango yake zaune ba," ya ce, ya bugi ginshiƙin da tafin hannu. "A kan wannan yake. Ku fasa duk inda kuke so a gidan nan. Wannan kam sai dai ku fara yanka ni."

Injiniya ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ke neman abin cewa. Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya cire hular kwanon. Ya juya yana kallon ƙofar ƙarfen da ta rufe ɗakin.

Malama ta ga fuskarsa ta canza.

"Mene ne?"

"Hajiya... da dattijon ya ƙi matsawa..."

"Ka yi magana mana."

"Na tura mutum biyu ta taga. Na ce su fara ta ciki."

Duk tsawon lokacin nan injuna biyu ke kuka a gidan, kowa ya ɗauka tagogin ɗakunan baya ake fasawa. Mai Walda ne ya fara motsi, ya fita da gudu ya kashe janareta.

Gidan ya yi tsit.

A cikin shirun suka ji wani ɗan sauti daga bayan ƙofar, siriri, kamar ana zuba gero a kwano. Sai kuma muryar lebura daga ciki, cikin fara'ar wanda ya yi aiki yana jiran yabo.

"Oga, an ɗauke wuta ne? Mun yanke rodi biyu, na ukun ya kusa."

Mutum huɗu suka kama ƙofar suka janye ta gefe.

Ta ciki an cinye kusan rabin ginshiƙin daidai tsayin ƙirji. Rodi biyu a yanke, bakinsu na ƙyalli, na uku saura ƙiris. A sama, daga inda gadar ta haɗu da rufin, wata tsaga ta tafi a karkace har tsakiyar ɗakin, yashi na zubowa daga cikinta a hankali a kan simintin da aka shafe don keken Baba ya ji daɗin tafiya.

Kawu ya ɗaga kai ya kalli tsagar. Tambaya ɗaya ya yi.

"Tankin da ke sama, akwai ruwa?"

Injiniya ya gyaɗa kai. Ya ce da safe ya sa aka cika shi, don kwaɓa siminti.

Tun da Malama take ba ta taɓa jin muryar da ta fito daga bakin Kawu a lokacin ba. Tsohon da jiya aka zaga ya sunkuyar da kai, shi ne ya koma ba da umarni, kowa na gudu. Ya ce na ciki su fita ta taga, kada wanda ya taɓa bango. Ya tura ɗaya ya buɗe famfon tankin ta ƙasa, kada ya kuskura ya hau. Ya ce a kwaso katakan tokara da kafinta ya bari a bayan gida, masu kauri, da guduma da guntayen katako na cusawa. Har Injiniya sai ga shi ya saɓo katako a kafaɗa, yana ta faɗin wallahi bai sani ba, ba wanda ya gaya masa. Gaskiyarsa ce kuma, ba wanda ya gaya masa, shi ma bai tambaya ba.

Wayar na ƙasa inda Malama ta yar da ita, Yaya na ta kiran me ke faruwa, ba mai amsa masa.

Kawu ya naɗe hannun farar rigarsa ya ɗauki katako ɗaya. Malama ta riƙe masa gefen riga.

"Kawu, a bar ɗakin. Don girman Allah a bar shi."

"In ɗakin nan ya zauna, ina za ki kai shi jibi?"

"Zan nemi wani wuri. Zan roƙi Likita."

"Kin roƙe shi sau biyu." Ya cire hannunta a hankali. "Tokara uku kawai yake so, kuma ni na san inda gadar take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fita waje ki tsaya."

Ta ce ba za ta fita ba. Ya kalle ta irin kallon da Baba ke mata tana yarinya, ta samu kanta tana ja da baya har tsakar gida, inda take hango cikin ɗakin ta taga.

Mai Walda ne ya bi shi ciki, ba wanda ya sa shi. Suka tayar da katakon farko a ƙarƙashin gadar, Mai Walda ya riƙe, Kawu ya durƙusa yana buga guntun katako ta ƙasa. Kowane bugu sai yashi ya zubo masa a wuya. Katakon ya kama, ya tsaya ƙyam. Suka kafa na biyu. Zubar yashin ta ragu, har wani lebura ya fara hamdala. Ruwan tankin na ta kwarara ta bayan gida, amma famfon ƙarami ne, ko kwata bai sauka ba.

Na ukun da aka miƙo ya yi gajere. Kawu ya gwada, ya girgiza kai, ya ce wa Mai Walda ya je ya zaɓo mai tsawo da kansa, waɗannan ba su san abin da ake nema ba. Mai Walda ya ce su fita tare. Kawu ya ce in ya saki na biyun yanzu zai zame, bai gama zama ba, ya yi sauri kawai.

Mai Walda ya fito da gudu ya nufi bayan gida.

Malama na kallon Kawu ta taga. Ya rungume katakon da hannu biyu, kansa a sama, leɓɓansa na motsi. Ya juyo suka haɗa ido, ya ɗaga mata gira alamar kada ta damu.

Sai wani abu ya ce ƙas, kamar an karya busasshen ice.

Ba ta ga faɗuwar ba. Ƙara ta ji wadda ta girgiza ƙasar da take tsaye, sai farar ƙurar siminti ta bugo ta taga ta rufe mata ido, ruwan tankin ya biyo bango yana ambaliya. Leburori suka watse, suka dawo, suna kiran sunan Allah.

"Kawu!"

Ba amsa.

"Kawu, ka yi magana!"

Mai Walda ya yar da katakon ya kutsa cikin ƙurar, Injiniya na bayansa. Ita kuwa tana tsaye a tsakar gida. A lokacin ne wayarta ta fara ƙara a cikin jaka. Ba ta san ta ɗauka ba, sai ji ta yi tana kunnenta.

Nas ce daga asibiti, muryarta cike da murna. Ta ce yau bakin Baba ya ɗan saki, tun safe yake rigima sai an kira, ga shi nan.

Aka yi ɗan motsi. Sai numfashin Baba, sai muryarsa mai nauyi, yana jan kowace kalma da ƙyar.

"'Yata... ƙofar... ta shiga?"

Ta toshe bakinta da mayafi. Daga cikin ɗakin tana jin ana ɗaga ɓaraguzai da hannu, Mai Walda na cewa a kawo shebur, a yi a hankali.

"Kin yi shiru," in ji Baba. "Ba ni... Kawunki."